Wata biyar a cikin jirgi: yadda wani iyali daga Kusiri suka ci kaka da hunturu a bakin Logon

Matar gidan 'yar ƙanwar babata ce, tare muka tashi, shi ya sa na samu labarin nan, na yadda ambaliyar 2022 ta kore su daga gida suka koma zama cikin jirgin ruwa, tiryan-tiryan daga bakinta da bakin mijinta, kuma ni kaina sau biyu na je inda suka zauna ɗin, sau ɗaya a Nuwamba sau ɗaya a Janairu. Sun ce in rubuta amma kar in sa suna, kar in faɗi sunan ƙauyen, toh haka za a yi.

Kafin Oktoba 2022: gidan da jirgin

Shi maigidan ɗan wajen shekara 43 ne, haifaffen Kusiri a arewacin Kamaru, aikinsa fito da dakon kaya a kogi, in kasuwa ta yi sanyi ya taɓa su. Matarsa ɗaya, 'ya'ya huɗu: babban namiji shekara 12 yana ajin ƙarshe na firamare, mace mai 9, namiji mai 4, sai jaririya 'yar wata takwas a goye. Akwai kuma tsohuwarsa da suke zaune tare. Gidan na ƙasa ne, ɗaki uku, a wata unguwa da take kwari, ko a damina ta yau da kullum sai an yi ta tare ƙofa da buhunan yashi.

Jirgin na katako ne, tsawonsa mita 12, faɗinsa a tsakiya bai kai mita 2 cif ba, da inji Yamaha mai doki 15 a gindi. Jirgin kaya ne, ba rumfa ba komai, sai 'yan katakai da aka gitta na zama.

Wanda ba ɗan nan ba yakan yi mamakin yadda ruwa ke cin gari bayan damina ta wuce. Mu a nan ruwan sama yana ɗaukewa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, amma kogin Logon da na Shari daga kudu suke ɗauko ruwansu, tun daga tsaunukan Adamawa da ƙasar Afirka ta Tsakiya, sai ruwan ya yi makonni yana tafiya kafin ya iso mahaɗarsu a tsakanin Kusiri da Injamena. Shi ya sa kogi ke kai ƙarshen cikarsa wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sama garau rana na dukanka amma ruwa yana hawa ta ƙarƙashin katanga.

Tsakiyar Oktoba: ranar da aka tashi

Kamar mako guda bayan Mauludi ruwa ya shiga tsakar gidan. Kwana biyu suna kwarfewa da bokiti, a dare na uku katangar ɗakin tsohuwa ta zauna, Allah ya taimaka an riga an fito da ita. Da safe ya shigo da jirgin har bakin layinsu, dan layin ya riga ya zama rafi, aka loda katifa biyu, tukwane, buhun dawa ɗaya da rabi, akwatin takardu, kwanon rufi guda tara da ya ɓalle daga ɗakin da ya faɗi, da ƙofar ƙarfe.

Hanya uku ce a gabansa. Ko su je sansanin da ake tara waɗanda ruwa ya kora, ko haya, ko gidan dangi. Haya ya zagaya yini guda ya ce masu ɗakunan da ke kan tudu sun ninka kuɗi kuma suna son na wata uku a hannu. Gidan wan matar, wato kawun yara, ɗaki biyu ne kuma an riga an cika shi, tsohuwa kaɗai suka iya karɓa. Sansani kuwa ya ƙi, dalilinsa ɗaya ne: in ya kwana a tanti waye zai kwana da inji? Injin nan shi ne duk jarinsa, kuma a irin wannan ruɗanin ne ake kwance wa mutane inji da dare.

Sai ya tuna wani aminin marigayi babansa, dattijo masunci da ke zaune a wani ƙauye ɓangaren Chadi, kudu da gadar Ngeli, inda gaɓa take da ɗan tudu da bishiyoyi. Ya kira shi, dattijon ya ce "ɗana ka taho, bakin ruwa ba na kowa ba ne". Da inji tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma dai ƙasar wasu ce, tuta daban, jandarma daban, layin waya ma daban.

Ranar 19 ga Oktoba shugaban riƙon ƙwarya na Chadi na lokacin, Mahamat Idriss Déby, ya kafa dokar ta-ɓaci kan ambaliyar, ya ce ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a larduna 18 cikin 23. Washegari 20 ga wata aka yi zanga-zangar nan ta Injamena da aka rasa rayuka, aka sa dokar hana fita daga 6 na yamma zuwa 6 na safe. Da ma tun bayan harin bam na Yunin 2015 a Injamena hukumomin Chadi suke sa ido sosai kan jiragen da ke yawo a kogi kusa da birni. Saboda haka abu na farko da dattijon ya yi shi ne ya ɗauke shi da goro da katin shaidarsa na Kamaru ya kai shi gaban bulama, wato mai garin, ya ce wannan baƙona ne, ga jirginsa ga iyalinsa, duk abin da ya taso ni za a nema. Sau uku 'yan sintiri suka haska su da tocila da dare a wata biyar ɗin, duk sau ukun da aka ambaci bulama da dattijon magana ta ƙare.

An yi rumfa a tsakiyar jirgi, tsawon mita 4: gora aka lanƙwasa kamar baka, aka rufa zana, aka ɗora bash, wato tampol, mai shuɗi a sama. Ƙasa aka jera katako aka shimfiɗa katifun. Mutum shida a wannan wurin. Murhu a can gaba, bidon ɗin mai, wato jarka, da inji a baya.

Ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba: sauro, ruwan sha, da yaron da ya faɗa

Kuɗi a wannan lokacin ba su ne matsala ba, gaskiya ma bai taɓa samu kamar haka ba, dan unguwannin kudancin Injamena irin su Waliya duk ruwa ya shanye su, mutane na neman mai kwashe musu kaya da awaki. Amma fa jirgin aikin shi ne ɗakin kwanan, kullum da asuba sai an sauke matar da yara da katifu a ƙarƙashin bishiya, su yini a nan, da yamma a sake lodawa. Ta ce min wannan sauke-ɗora ɗin ya fi komai cin ranta a makon farko. Daga baya ya haɗa kai da ɗan dattijon, suna aiki da jirgin yaron wanda ya fi ƙanƙanta, ana ɗaura masa injin da safe a kwance da yamma, su raba abin da aka samu. Daga ranar babban jirgi bai ƙara motsawa dan aiki ba.

Sauro kam ba a magana. Suna da gidan sauro biyu, sun rataya a jikin gorar, amma kullum yara na tashi da cizo. Suka ƙara da maganin sauro na kunnawa, a dare na huɗu ya ƙona musu rami a gidan sauron kamar tafin hannu. Sai matar ce ta lura ashe ta ƙasa sauron ke shigowa, ta tsakanin katakan da aka jera, dan ƙarƙashinsu fili ne har cikin jirgi inda ruwa ke taruwa. Aka shimfiɗa tabarmar roba a ƙarƙashin katifu, aka ɗinke ramin, ana cusa bakin gidan sauron ƙarƙashin katifa tun kafin magariba, kuma babban yaro aka ba aikin kwarfe ruwan cikin jirgi tas kowace yamma. Cizo ya ragu sosai amma an makara, ɗan shekara huɗun ya kwanta da zazzaɓi farkon Nuwamba. Kwana biyu ana ba shi ƙwayoyin da aka saya wajen mai tallan magani a kwali, jiki ya yi sanyi da rana ya dawo da dare, rana ta uku ya fara amai sai aka kai shi ɗakin shan magani, aka tsaga yatsa aka gwada, maleriya ce. Aka ba shi maganin nan na kwana uku, safe da yamma, sau shida ke nan, ya warware.

Ruwan sha kuma da farko na kogi suke ɗiba su jefa alif, ya kwanta ya yi garau kamar na famfo. Alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta, kuma ka tuna ruwan nan ya bi ta cikin masai nawa kafin ya iso wurinsu. Cikin kwana goma jaririyar da ɗan shekara huɗun duk suka kama gudawa. Matar ta san haɗin ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, da shi ta riƙe su har aka samo na sashe da ƙwayar zinc. Suka koma tafasawa, sai itace ya gagara, dan tafasa ruwan mutum shida kullum ba ƙaramin wuta yake ci ba kuma duk itacen bakin kogi a jiƙe yake. Sai wata mata ta ba su ƙwayoyin kulorin irin wanda ma'aikatan agaji ke rabawa, a jefa a bidon mai lita 20 a jira minti 30, wannan ya yi aiki na mako biyu har suka ƙare. Abin da ya zauna daram shi ne famfon tuƙa-tuƙa na cikin ƙauye, tafiyar minti 15 a ƙafa, bidon uku kullum, ana ba mai kula da famfon ɗan abin gyara duk mako. Tun ranar farko famfon yana nan fa, kunya ce ta hana matar shiga ƙauyen da ba ta san kowa ba kuma ba ta jin yarensu sosai, sai da matar dattijon ta zo da kanta ta ce "taso 'yata" ta riƙe mata bidon ɗaya suka tafi.

Bayan gida ma haka. Makon farko bokiti ne a bayan jirgi da zane a tare, ita kuma sai dare ya yi take iya wanka. Ta ce min "Yaya, yunwa ban ji ba, tsoro ban ji ba, rashin sutura ne ya sa ni kuka." Maigidan ya nemi izini aka haƙa rami a kan tudu nesa da ruwa aka kewaye da zana, aka yi wani kewayen na wanka a gefe.

Sai ranar da ɗan shekara huɗun ya faɗa ruwa, bai fi mako da warkewa ba. Ya miƙa hannu zai kamo kwano da ya suɓuce, sai ji aka yi tsulum. Yayansa na kusa ya cafko rigarsa. Dabarar farko igiya aka ɗaura masa a ƙugu aka ɗaure a gora, kwana biyu aka cire dan ta naɗe masa wuya yana barci, wallahi da na ji wannan sai da gabana ya faɗi. Ta biyu ita ta zauna: tsohuwar raga aka samu wajen masunta aka kewaye gefen rumfar duka biyu daga bakin jirgi zuwa sama, sannan aka ɗinka masa wata 'yar riga da galan biyu na lita 5 marasa komai a rufe gam, ɗaya gaba ɗaya baya, in dai rana ta fito yana cikinta.

Ƙarshen Nuwamba: ruwa ya juya

Da kogi ya fara janyewa sai wata matsalar ta fito da bai yi tunaninta ba duk da shekarunsa a ruwa, dan shi bai saba barin jirgi mai nauyi wuri ɗaya na makonni ba. Ya ɗaure goshi a jikin bishiya da gajeriyar igiya. Wata safiya suka tashi suka ji kwanciyar ta karkace, ashe goshin ya hau laka gindin yana kan ruwa, nauyin kwanon rufi da buhuna ya danne tsakiya, haɗin katako ɗaya ya buɗe, ruwa har ya taɓa ƙasan katifa. Mutum bakwai aka tara kafin a tura shi.

Dattijon ya yi masa faɗa irin na uba, sannan ya nuna masa yadda ake yi. Aka sauke kwanon rufi da ƙofa da dawa aka kai gidansa ajiya. Aka kafa gora biyu masu kauri a cikin ruwa inda ya kai ƙirji, jirgin yana tsakaninsu, doguwar igiya zuwa bishiya, da katako ɗaya na hawa da sauka. Aka kuma kafa kara a bakin ruwa da zane-zane a jiki, kowace safiya a duba nawa ya sauka, maigidan ya ce a lokacin yakan ga kamar yatsa huɗu a kwana. In karan ya fito fili sai a matsar da gorar gaba. Sau shida suka matsa kafin Fabrairu.

Dorina kuwa sun ji kukanta dare da yawa, dan akwai su a kogin nan har kusa da birni, sau ɗaya ma ta fito kiwo ta bar sawu bai fi taku talatin daga jirgin ba. Masunta suka nuna musu hanyar da take bi aka kauce mata, shi kenan, ba ta taɓa su ba.

Daren 2 ga Disamba

Ranar ba ta ɓacewa dan ranar ce Kamaru ta ci Brazil ɗaya da nema a Katar, ƙwallon Vincent Aboubakar ɗan Garwa. Sanyi ya fara shigowa a makon, jaririya na tari. Maigidan da babban yaro suka tafi cikin ƙauye kallon wasa wajen mai janareto, ƙarfe 8 aka fara. Ita kuma ta ga iska na kaɗa yara, sai ta sauke bash ɗin ta rufe gaba da baya ta danne da duwatsu, ta shigo da murhu da sauran gawayin da suka taho da shi daga Kusiri, ta ajiye a bakin ƙafarsu. A Chadi tun 2009 aka hana gawayi, galibi da itace da ƙwallon goruba take girki, wannan ɗan ragowar ta ɓoye shi ne dan irin wannan daren.

Bayan ƙarfe 10 suka dawo suna ihun murna, ya ɗaga bash ya yi sallama ba amsa mai ƙarfi. Matar ta ce tana jinsa amma kanta kamar an ɗora dutse, ta yunƙura ta kasa, 'yar shekara taran ta yi amai a kwance, ƙaramin yana barcin da ba a gane ba. Ya yaye bash ɗin gaba ɗaya, ya wurga murhun cikin kogi, suka kwashe su zuwa tudu. Matar dattijon ta zo da mutane, wasu na cewa iskokin ruwa ne a kawo hayaƙi a yi turare, dattijon ya hana, ya ce ba wani hayaƙin da za a ƙara musu. Cikin awa guda duk suka dawo hayyacinsu, da asuba aka kai su ɗakin shan magani, ma'aikacin ya ce gubar gawayi ce.

Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta shiga yana fitar da wata iska, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi ba ta sa hawaye, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau fiye da 200. Mutum ciwon kai yake ji da jiri da barci, shi ya sa ba ya tashi ya gudu. Zana tana numfashi, bash na roba ba ya yi. Wata shida da ta yi tana kwana da garwashi a ɗakin ƙasa mai tagogi da ramukan rufi lokacin jegon farko ba abin da ya same ta, shi ya sa ba ta kawo komai a ranta ba.

Disamba da Janairu: hunturu sosai

Daga wannan daren wuta ba ta sake hawa jirgin ba, ko ta girki. Aka gina murhu a tudu da 'yar bukkar zana, bidon ɗin mai ma aka haƙa masa rami a inuwa aka rufe da katako. Da ma tun farko murhu da man fetur a jirgi ɗaya na katako, tsakaninsu mita bakwai, sai yanzu da ake ba ni labari nake jin tsoron abin.

Saura sanyi. Daren Janairu a wannan yankin yakan sauka wajen digiri 14, wani lokaci ƙasa da haka, kuma a kan ruwa da iskar arewa maso gabas tana busowa sai ka ji kamar ya fi. Ga ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wata rana ba ka ganin ɗaya gaɓar. Da na je a Janairu na kwana ɗaya, ban runtsa ba, sanyin ta ƙasa yake zuwa ta cikin katifa. Sun gwada ƙarin bargo a sama bai yi ba. Abin da ya yi shi ne buhunan da aka cusa wa busasshiyar ciyawa da ƙaiƙayin shinkafa aka jera ƙarƙashin tabarma, sannan aka juya jirgin goshinsa ya fuskanci iska, aka ninka zana biyu ta wannan gefen, ta baya kuma aka bar taga kamar kamu ɗaya a buɗe kullum, wannan maigidan ya ce ko ƙanƙara ake ba mai rufe ta. Jaririya kuma ana cika kwalbar roba da ruwan ɗumi a naɗe a zane a sa mata a gefe, da man kaɗanya a ƙirji da ƙafa dan kaushi da fashewar leɓe.

Jirgin ma hunturu bai bar shi ba. Katakon da ke saman ruwa ya bushe ya tsuke, haɗe-haɗen suka buɗe har kana hango haske, in iska ta tada igiyar ruwa sai ya dinga tsiyaya ciki. Sau biyu aka toshe da tsumma da kwalta, na farko bai yi mako biyu ba ya ɓare dan an yi shi da sassafe katako na da raɓa. Na biyun da rana tsaka aka yi, kuma daga nan kullum safe da yamma ana watsa wa gefen jirgin ruwa da kwano dan kar ya sake bushewa, ya riƙe har ƙarshe.

Kuɗin fito ya mutu a Disamba dan hanyoyi sun buɗe, sai dai lokacin ne kifi ke dawowa kogi daga fadamun da ruwa ke janyewa, tarwaɗa da karfasa da kurungu. Shi yana su da ɗan dattijon, ita kuma matan ƙauyen suka koya mata banda a rabin duro, ana kai wa 'yan sari. Da wannan aka ci abinci aka fara tara na bulo.

Lakwal da tsargiya

Babban yaro da farko kullum ake tsallaka da shi, ya hau klando, wato mashin na haya, zuwa lakwal, makarantar boko ke nan, mai da kuɗin mashin suka fi ƙarfinsu, ga makara, in kuma ya bi ta gada ana rufe ta da yamma. Tun tsakiyar Nuwamba aka roƙi kawu ya matsa masa wuri a zaure, yana zuwa jirgi ƙarshen mako ya koma Lahadi, sai hutun Disamba da ya yi gaba ɗaya a can. Yarinyar kuwa ba a samar mata wuri ba, kuma gaskiya uwar na buƙatar mai riƙe jaririya in ta tafi famfo, tun Oktoba har Maris ba ta taka aji ba. Allo kawai take zuwa wajen wani malami a ƙauyen.

Ƙarshen Janairu yarinyar ta gaya wa uwarta tana ganin jini a ƙarshen fitsari, da aka matsa wa babban shi ma ya ce ya kwana biyu yana gani ya yi shiru. Tsargiya ce. Tsutsar tana fitowa daga wasu ƙananan dodon koɗi da ke zama a ruwa mara gudu mai ciyawa, ta huda fata ta shiga, kuma sai an yi wajen wata biyu zuwa uku kafin jinin ya bayyana, in ka lissafa baya sai ka faɗa daidai Oktoba da Nuwamba lokacin da suke yini suna wanka da wanke-wanke a ɗan lungun da jirgin yake. Aka gwada fitsari, aka auna nauyinsu aka ba su firazikwantel, sha ɗaya. Aka koma wanka da ruwan famfo a kewaye, amma maganar gaskiya hana yaron bakin kogi shiga ruwa sai dai a faɗa kawai.

Fabrairu zuwa Maris 2023: komawa

Filin gidan bai bushe yadda za a iya aiki ba sai Janairu. A Fabrairu ya sa aka buga bulon ƙasa, ya sayi jan bulo da siminti na harsashi, aka ɗaga shi har gwiwa kafin a ɗora na ƙasa. Ɗaki biyu aka samu, da tsohon kwanon nan tara da ƙofar da suka sha ajiya. Suka kwance gora suka koma kwana kaɗan kafin azumi, wanda aka fara 23 ga Maris. Su shida suka tafi su shida suka dawo, inji na nan, ba bashi. Babban yaro ya zauna jarrabawar fita firamare a Yuni ya samu. Yarinyar ta maimaita aji. Jirgin sai da aka canza masa katako biyu.

Yadda nake ganin abin

In ka bi matsalolin ɗaya bayan ɗaya za ka ga kusan kowacce ta warware ne ranar da aka sauke wani abu daga jirgi aka kai tudu: ruwan sha, bayan gida, kaya masu nauyi, murhu, mai, har ɗan lakwal. A ƙarshe kwana da gadin inji kaɗai suka rage a ciki, kuma da haka aka fara tun Oktoba da gudawar da daren gawayin duk ba su faru ba. Tudun kuwa ba nasu ba ne, ƙasar ma ba tasu ba, dattijon nan da matarsa ne suka buɗe musu shi, ba dan su ba ban ga yadda za a yi wata biyar ba.

Shi maigidan ina ganin ya yi daidai da ya ƙi rabuwa da injinsa, da shi aka sake gina gidan. Inda na ga laifinsa, kuma na faɗa masa a gabanta, lissafinsa duk na jirgi ne da inji da igiya, abin da ya shafi matar da yaran sai ya faru tukuna ake nema masa dabara. Maganar yarinyar ce ta fi tsaya min, dan an samar wa namijin wuri cikin wata guda, ita kuwa ba wanda ya ma tambayi kawu ko za ta iya kwana wajen kakarta. Da na faɗa sai ya yi shiru, can ya ce "haka ne Yaya, ban yi tunanin ba".

A 2024 ruwa ya sake zuwa. Wannan karon tun Satumba ya kai matar da yaran uku gidan kawu da buhun dawarsu, yarinyar ba ta rasa ko rana ɗaya a aji ba, shi da babban suka koma wajen dattijon da jirgi, ramin bayan gidan ma ya ce sun tarar da shi sai zana kawai suka sake.